Me Ya Sa Muke Sayen Tsoro da Kuɗinmu?



An nemi mu yi magana a yammacin nan a kan finafinan ban tsoro, watau irin finafinan nan na fatalwa da mayu da dodanni da masu kisan gilla, waɗanda in an sa su a daren silima na ƙungiyarmu ɗaki kan cika maƙil tun ba a kashe fitila ba. Tambayar da aka ɗora mana mai sauƙin faɗi ce: me ya sa mutum mai cikakken hankali zai ciro kuɗinsa, ya bi layi, ya zauna sa'a biyu cikin duhu domin kawai a firgita shi? Tsoro dai ba abin marmari ba ne. Ba wanda ke fatan ya gamu da 'yan fashi a hanya, ko ya farka ya tarar da maciji a ƙarƙashin gadonsa. Amma ga shi abin da kowa ke gudu ya zama haja, ana sayarwa ana saye, har ana rububi.

Mun san akwai waɗanda suka riga suka yanke hukunci. Wasu sun ce masu son irin waɗannan finafinai zuciyarsu ce ta ƙeƙashe, ganin jini ke ba su sha'awa. Wasu kuma sun ce wauta ce da ɓata lokaci, a cire su daga jadawalin daren silima baki ɗaya. Tun da yake maganar ta kai ga haka, ya kamata mu dubi abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano kafin kowa ya ɗaga hannu. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, mai kallo tsoro mai linzami yake saye, kuma linzamin yana hannunsa. Muddin yana riƙe da shi akwai daɗi. Ranar da ya kuɓuce masa, abin da ya rage wahala ce zalla, wani lokaci ma har da lahani.

Tambayar ta girmi silima nesa ba kusa ba. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotal, masanin falsafar nan na ƙasar Girka, ya lura da yadda mutanen birnin Atina ke tururuwa zuwa wasannin kwaikwayo masu ƙarewa da mutuwa da baƙin ciki, ya ce tausayi da tsoron da wasan ke tayarwa suna wanke zuciya. A shekarar 1757 kuma Edmund Burke, mutumin ƙasar Ailan, ya faɗi wani abu da ya fi kusa da maganarmu. A ganinsa, haɗari in ya matso kusa ba ya haifar da komai sai azaba, amma in yana can nesa yakan ba da wani irin daɗi mai haɗe da mamaki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin zaure yana kallon hadarin farkon damina na tasowa daga gabas, da walƙiya da tsawa, ya san abin da ake nufi. Manomin da hadarin ya rutsa da shi a tsakiyar fili kuwa ba irin labarin da zai bayar ke nan ba.

Ita silima ba ta daɗe da haihuwa ba aka sa mata dodo. A ƙarshen shekarar 1895 aka fara nuna wa jama'a fim a kan kuɗi a birnin Faris. A 1896 Georges Méliès ya fito da wani ɗan fim na kamar minti uku wanda a cikinsa jemage ke rikiɗa ya zama shaiɗan. Jamusawa suka biyo da Nosferatu a 1922, Amurkawa suka fito da Dracula da Frankenstein a 1931, kuma tun daga nan kasuwar ba ta mutu ba.

To, bari mu fara da jiki, domin a nan abin yake somawa. A shekarar 1915 Walter Cannon na jami'ar Harvard ya bayyana abin da ke faruwa ga dabba ko mutum sa'ad da ya hangi haɗari. Sinadarin adiranalin yakan kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya bar hanji ya tafi ga tsokar hannu da ƙafa, gumi ya keto. Jiki ke nan yana shirin ɗayan biyu, ko faɗa ko gudu. Daga baya aka gane cewa akwai wani ɗan curi a cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, bai fi ƙwallon dabino girma ba, ana kiransa amigdala, wanda ke da babban hannu wajen kaɗa wannan ƙararrawa. Joseph LeDoux, wanda ya yi shekaru yana bincike a kan ɓeraye, ya nuna cewa labarin haɗari kan isa wurin ta hanya biyu. Akwai gajeriya mai sauri wadda ba ta tantance komai, akwai kuma doguwa wadda ke bi ta sashen ƙwaƙwalwa mai tunani da auna abubuwa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Tsallen da ya yi aikin gajeriyar hanya ne. Dariyar da ya yi wa kansa da ya ga ashe tsumma ne, wannan aikin doguwar ce.

A tsakanin waɗannan hanyoyi biyu mai shirya fim ɗin ban tsoro ya kafa rumfarsa. Sa'ad da fuska ta bayyana kwatsam a bayan madubi, kiɗa ya yi tsawa, gajeriyar hanya ba ta tsaya tambayar ko hoto ne a bango ba, sai ta kaɗa ƙararrawa. Doguwar kuwa ta san cewa muna zaune a kan kujera, ga abokinmu a gefe yana cin gyaɗa, ga ƙofar fita can. Watau 'yan kallo biyu ne ke zaune a kujera ɗaya, ɗaya na ihu, ɗaya na kallon mai ihun. Akwai wata mata a Amurka wadda likitoci ke ɓoye sunanta suna kiranta S.M., wadda wata cuta da ba a cika samu ba ta lalata mata amigdala duka biyu. Masu bincike na jami'ar Iowa sun ba da rahoto a 2011 cewa sun kai ta inda ake sayar da macizai, sun kai ta gidan wasan firgitarwa, sun kuma nuna mata sassan finafinan ban tsoro, amma ba ta nuna tsoro ba. Abin lura a nan shi ne sha'awa ba ta bar ta ba: macijin ma so take ta taɓa shi. Ashe tsoro da son sani igiyoyi biyu ne dabam, ko da yake a wurin yawancinmu a tufke suke.

Amma sanin cewa babu haɗari bai isa ya bayyana daɗin ba. Daga ina daɗin yake zuwa? Amsa ta farko ita ce wadda Dolf Zillmann ya bayar tun daga 1971. Ya ce tashin da jiki ya yi ba ya kwanciya nan take. Hankali kan riga jiki sauka. Saboda haka in haɗari ya wuce, sauran zafin da ke cikin jini sai ya zuba a kan duk abin da zuciya ta ji bayan nan, ya ƙara masa ƙarfi. Yarinyar da ke cikin fim ta tsira, muka yi ajiyar zuciya, sai murnar ta fi ƙarfin dalilinta, domin ta hau kan ragowar tsoro. Wannan ne ya sa ɗaki kan fashe da dariya daƙiƙa biyu bayan an yi kururuwa, shi ne kuma ya sa jama'a kan fito daga silima suna surutu da ƙarfi kamar waɗanda suka ci wasan ƙwallo.

Bayanin yana da kyau, sai dai bai rufe ko'ina ba. Finafinai da yawa ba su ƙarewa da tsira, dodon ne ke cin nasara, amma mutane na son su. Bugu da ƙari, in ka tambayi masu son abin, za su ce maka wurin da ya fi tsoro shi ne ya fi daɗi, ba sai an jira ƙarshe ba. A 2007 Eduardo Andrade da Joel Cohen suka gwada wannan. Suka nuna wa ɗalibai sassan finafinan ban tsoro, suna auna abin da suke ji a lokacin da ake kallo. Suka tarar masu son finafinan da masu ƙin su duka suna jin tsoro, kusan daidai wa daida. Bambancin shi ne, masu so suna jin daɗi tare da tsoron a lokaci guda. Sa'an nan suka yi wata dabara: suka ba masu ƙi tarihin 'yan wasan, suka ajiye hotunansu na yau da kullum a gefen allo, domin su riƙa tunawa cewa wasa ne. Da aka yi haka, su ma sai daɗin ya fara shiga. Ba a rage musu tsoro ba, linzami aka damƙa musu.

Misalin da ya fi kusa da mu yana wurin mai tsire. Kowa a ɗakin nan ya san wanda in ya sayi nama sai ya ce a ƙara yaji, ya ci yana hawaye yana jan majina, gobe kuma ya koma. Sinadarin da ke cikin barkono yana taɓa jijiyoyin da aikinsu shi ne su sanar da ƙwaƙwalwa cewa wani abu mai zafi na ƙona mu. David Julius ne ya gano ainihin mashigar a 1997, aikin da ya sa ya sami lambar Nobel a 2021. Harshe na kai ƙarar gobara, alhali babu wuta. Paul Rozin na jami'ar Pennsylvania, wanda ya yi nazarin cin barkono a wani ƙauye na ƙasar Meziko, ya sa wannan a aji ɗaya da shan abu mai ɗaci, da hawa lilon nan mai juya mutum sama da ƙasa, da kallon fim mai sa kuka ko tsoro. Duka wahala ce marar lahani, kuma daɗinta yana cikin sanin da hankali ya yi cewa jiki ya ruɗu. Abin da ya fi jan hankalinmu a bincikensa shi ne wannan: mutane da yawa, matakin yajin da suka fi so shi ne wanda ke dab da wanda ba za su iya jurewa ba. Ƙasa da haka abinci ya yi lami, sama da haka an tashi daga cin abinci an koma shan azaba.

Haka abin yake ga tsoro. A 2020 Marc Andersen da Mathias Clasen da abokan aikinsu na jami'ar Aarhus a ƙasar Danmak suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a wani gidan wasan firgitarwa a garin Vejle. Mutum 110 aka ɗaura wa na'urar auna bugun zuciya, aka ɗauki hotonsu suna ratsa ɗakunan, sa'an nan aka tambaye su yawan tsoron da suka ji da yawan daɗin. Da aka zana sakamakon sai ya fito kamar tudu: daɗi na hawa tare da tsoro har ya kai wani ƙoli, daga nan in tsoro ya ƙaru sai daɗi ya gangara. Ƙolin kuwa ba wuri ɗaya yake ga kowa ba. Tun 1964 Marvin Zuckerman ya ƙirƙiro ma'aunin da ke nuna cewa mutane sun bambanta wajen ƙishirwar abu sabo mai tayar da jini. Don haka wanda ya fice daga ɗaki bayan minti ashirin ba rago ba ne, kuma wanda ya zauna har ƙarshe bai zama jarumi ba. Harshensu ne ya bambanta wajen ɗaukar yaji.

Mu da muka tashi a gidajen da ake tatsuniya ba baƙi ba ne ga wannan tsari. Da dare ake yin ta, cikin duhu, kuma a cikinta Dodo na haɗiye mutane, kura na bin yara. Amma dubi shingen da aka kewaye ta da shi. Akwai kalmomin buɗewa da kowa ya sani, masu shaida wa yaro cewa an bar duniyar gaske. Mai ba da labarin kaka ce ko gwaggo, wadda jikinta ke nan kusa in an so a raɓa. In an gama kuma a ce ƙurunƙus, a rufe ƙofa a bar Dodo a ciki. Kashe fitilar silima da kunna ta su ne buɗewa da ƙurunƙus ɗin wannan zamani.

Gwanayen sana'ar sun san cewa abin da ba a gani ba ya fi wanda aka gani ban tsoro. Sa'ad da Steven Spielberg ke ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, kifin ƙarfe da robar da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan teku, sai ya koma nuna ruwa kawai da ƙafafun masu iyo, da kiɗan nan mai sauti biyu na John Williams. Kowane mai kallo ya ƙera nasa kifin a zuciyarsa, kuma ba maƙerin da zai iya yin wanda ya fi shi. Alfred Hitchcock, mai Psycho na 1960, yakan ba da misali da bom a ƙarƙashin tebur. In ya tashi ba zato, an firgita jama'a na 'yan daƙiƙoƙi. In kuwa an nuna musu shi tun da fari, mutanen da ke teburin suna ta hirarsu ba su sani ba, to an riƙe zuciyar jama'a na minti goma sha biyar. Firgita abu ne mai arha, ko yaro ya laɓe a bayan ƙofa zai iya. Zullumi shi ne aikin gwani, domin yana sa mai kallo aiki, yana hasashe yana lissafi.

Wannan lissafin shi Noël Carroll ya ɗauka a matsayin jigon al'amarin a littafinsa na 1990 a kan falsafar finafinai da labaran ban tsoro. A wurinsa dodo halitta ce da ta ƙi zama a aji ɗaya: gawa ce amma tana tafiya, mutum ne amma dabba ne. Abin da ya karya rabe-raben da muka saba da su yana ba mu ƙyama, yana kuma ja mu mu leƙa, kuma tsoro shi ne kuɗin shiga da muke biya domin mu ga ƙarshen al'amarin. Sigmund Freud ya riga shi da wata magana makamanciya a 1919, inda ya ce abin da ya fi tayar da tsikar jiki shi ne sananne da ya juye ya zama baƙo. Labaranmu na mutumin da ke rikiɗa ya zama kura da dare, ko na maye wanda da rana maƙwabci ne mai fara'a, a kan wannan gwadaben suke.

Akwai kuma wani abu da dodon fim ke ɗauke da shi wanda ya wuce faratansa da haƙoransa. Sau da yawa damuwar zamaninsa ce aka yi wa jiki. A watan Maris na 1954 ƙurar gwajin bom ɗin da Amurka ta yi a tsibirin Bikini ta sauka a kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23, shekara tara bayan Hiroshima da Nagasaki. A watan Nuwamba na wannan shekarar Ishiro Honda ya fito da Gojira, labarin wani ƙaton dodo da gwajin bom ya tayar daga ƙarƙashin teku ya zo ya rushe Tokyo. Ba sai an yi wa Bajapane tafsiri ba. A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King, George Romero ya fito da Night of the Living Dead, wanda jaruminsa baƙar fata ne: ya tsira daga gawawwaki masu cin mutane dare guda cur, da gari ya waye fararen da suka zo ceto suka harbe shi.

Misali mafi kusa da mu a nan gida yake. A 1992 aka fito da Living in Bondage cikin harshen Ibo a kan kaset ɗin bidiyo, fim ɗin da ake ɗauka shi ne ya buɗe kasuwar finafinan bidiyo ta kudancin Nijeriya. Labarin Andy ne, wanda talauci ya ishe shi, ya shiga ƙungiyar asiri, ya ba da matarsa Merit aka yi tsafi da ita, ya yi kuɗi, sa'an nan fatalwarta ta hana shi sakat har ya haukace. Ku tuna lokacin. Tun 1986 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, darajar naira ta zube, albashi ya daina kai wata, masu digiri na yawo da takardu a hannu. A cikin wannan hali kuma sai a ga wani ya yi kuɗi dare ɗaya, ba a san sana'arsa ba. Tambayar da ke bakin kowa ita ce, ina ya samo? Fim ɗin ya ɗauki wannan tambaya, wadda ba ta da fuska, ya yi mata fuska da suna, ya kuma hukunta mai laifin a gaban jama'a. Damuwar da ba ta da siffa ba a iya kallonta ido da ido, ba a kuma san ranar ƙarewarta ba. In an mai da ita fatalwa, ana iya zama a dube ta, kuma kaset na da ƙarshe.

Kada mu manta cewa yawanci ba mutum ɗaya ke kallo ba. A 1986 Zillmann da abokan aikinsa suka zaunar da ɗalibai maza da mata bibbiyu suna kallon fim ɗin ban tsoro, ɗaya daga cikin biyun an riga an gaya masa yadda zai nuna hali. Samari sun fi jin daɗin fim ɗin in budurwar da ke gefe ta nuna tsoro, 'yan mata kuma sun fi jin daɗinsa in saurayin ya nuna dakiya. Muna ganin wasu 'yan'uwa a baya suna murmushi. To a yi hattara, ɗaliban Amurka ne na shekarun 1980, kuma abin da aka auna ya fi kama da rawar da al'ada ta raba wa maza da mata. Abin da za mu ɗauka a ciki shi ne, ɗakin kallo fage ne da matasa ke gwada kansu a gaban juna, kuma kururuwar mutum ɗari tare tana da sauƙin ɗauka fiye da ta mutum ɗaya da ke kwance da waya a hannu ƙarfe biyun dare.

Shin wannan gwaji yana da amfani bayan an fito? A farkon annobar korona a 2020, lokacin da jama'a suka koma neman Contagion, fim ɗin annoba na 2011, Coltan Scrivner da abokan aikinsa suka yi wa mutum 310 tambayoyi, suka tarar masu son finafinan ban tsoro sun ba da rahoton ƙarancin damuwa a kwanakin. Bayanin da suka bayar shi ne cewa mai kallo yana koyon sarrafa tsoronsa, kamar yadda 'yan kyanwa ke koyon farauta ta hanyar wasa. Maganar ta shiga hankali, amma a riƙe ta da hannu biyu: irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu na tafiya tare ne kawai, kuma yana yiwuwa masu dakakkiyar zuciya ne tun asali suka fi zuwa kallon.

Zargin ƙeƙashewar zuciya kuwa, a ganinmu, bai zauna daidai ba in an yi shi a kan kowa. Gaskiya ne wani nazari da Cynthia Hoffner da Kenneth Levine suka yi a 2005, inda suka tattara binciken da ya gabata, ya nuna masu ƙarancin tausayi sun fi jin daɗin tsoro da tashin hankali a fim. Amma ku duba yadda fim mai kyau ke aiki. Wanda bai damu da yarinyar da ke gudu a cikin daji ba, ba abin da zai sa gabansa ya faɗi. Tsoron nasa aron tsoronta ne. Inda zargin ya sami wurin zama shi ne a kan wani rukuni na finafinai waɗanda ba su da labari sai yanka da fiɗa, inda mutum ya zama nama kawai, kyamara kuma ta koma bayan mai wuƙa. Waɗannan ƙyama suke sayarwa da sunan tsoro, aikin ragwaye ne, kuma ba za mu yi baƙin ciki ba in kwamitin silima ya bar su a kanti.

Saura inda linzami ke tsinkewa, kuma a nan ne masu suka suke da hujja mai ƙarfi. Duk abin da muka faɗa ya dogara ne a kan doguwar hanyar nan mai cewa wasa ne. Ƙaramin yaro bai gama gina ta ba. Joanne Cantor ta jami'ar Wisconsin, wadda ta yi shekaru tana nazarin tsoron yara, ta nuna cewa 'yan ƙasa da shekara bakwai ko takwas mummunar siffa da rikiɗa ne suka fi firgita su, kuma ce musu ba gaskiya ba ne bai cika yin amfani ba. Manyan yara kuwa abin da zai iya faruwa da gaske ne ke damunsu. A 1999 ita da Kristen Harrison suka tambayi ɗaliban jami'a a Amurka game da abin da ya taɓa firgita su a fim ko talabijin. Kusan tara cikin goma suna da labari, wasu sun yi kwanaki ba barci, wasu sun daina shiga ruwa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu sun ce ragowar tsoron na tare da su har lokacin da ake tambayar, shekaru bayan kallon.

Ba yara kaɗai ba. Nisan da ke tsakanin mai kallo da allo ya danganta da abin da ya yarda da shi da abin da ya taɓa gani. The Exorcist, wanda William Friedkin ya fitar a 1973, labarin yarinya ce da shaiɗan ya shiga jikinta, kuma jaridun lokacin sun ba da labarin masu suma da masu amai a gidajen silima na Amurka. Ga wanda ya ɗauki shafar aljanu a matsayin tatsuniya, shingen na da kauri. Ga yawancinmu a nan, da muka tashi muna jin labarin wadda aka yi wa ruƙiyya a unguwa, shingen siriri ne ƙwarai, kuma fim ɗin kan bi mutum har ɗakin kwana. Haka nan ɗan'uwanmu da ya fito daga garin da 'yan bindiga suka taɓa shiga da dare: ƙarar buga ƙofa a fim ba wasa take tuna masa ba.

Saboda haka roƙonmu ga kwamitin silima guda uku ne, kuma ba mai tsada a ciki. A rubuta a jikin sanarwa irin fim ɗin da za a nuna da abin da ke cikinsa, domin kowa ya shigo da saninsa. A sa mutum a ƙofa ya mai da 'ya'yan ma'aikata da yara masu talla da kan saci jiki su shigo in an kashe fitila. A kuma bar ƙofar baya a buɗe da 'yar fitila a kanta, wanda ya ga yajin ya yi masa yawa ya fita ba tare da an yi masa ihu ba.

 In akwai tambaya, muna saurare.